Kawu ya ce in sallame su duka in ɗebo sabbi, ni kuma zuciyata ta ƙi

Assalamu alaikum Malam, don Allah a sakaya sunana. Shekarata 31, ina riƙe wa kawuna sito a Dawanau inda muke gyaran riɗi da zoɓo muna sayar wa masu fitarwa waje. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya yi min aure. Masu albashi 7 gare mu, amma in kaka ta yi mukan ɗauki mata masu tsinta kusan 30 da 'yan dako wajen 15 ta hannun wani da ke kawo mana su, shi muke ba kuɗin a dunƙule ya raba. Akwai kuma mutum 3 masu kula da inji, shekararsu 4 kullum suna nan rani da damina amma har yau kuɗin yini ake ba su, babu takarda babu komai. Wata biyu da suka wuce bel ɗin inji ya kama hannun ɗaya daga cikinsu ya rasa yatsu biyu. Kawu ya biya asibitin ranar farko ya ba shi 20,000 ya ce ya je ya huta, wai ai ba ma'aikacinmu ba ne lebura ne. Tun daga nan sauran biyun suka canza min fuska. Sai kuma na gano cikin 2,500 da muke bayarwa kan kowace mace a yini 2,000 ke isa hannunta. Bana ana tsakiyar aiki mata suka yi ta guduwa wasu sitocin, muka makara da kaya har mai saye ya yi fushi. Yanzu Kawu ya ce a sallami kowa a ɗebo sabbi daga ƙauye masu arha. Wallahi ba na iya barci, ina tsoron hakki, ina kuma jin nauyin Kawu. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka sau biyu, na rage shi na cire abin da zai sa a gane ka. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa Kawu da alheri bisa riƙon da ya yi maka. Wannan rashin barcin kada ka ɗauke shi butulci ne kake wa Kawu, don in ka lura duk abin da ke damunka dukiyarsa da mutuncinsa da lahirarsa yake karewa, sai dai shi bai hango ta nan ba tukuna.

Bari in fara da mai hannun nan don shi ne ba ya jira. Sauran maganganun ko sati biyu aka yi ana shawara ba komai, amma mutumin da kuɗin yini yake ci, ranar da bai fita ba ba a ɗora tukunya a gidansa, yau wata biyu kenan, ka lissafa da kanka 20,000 kwana nawa za ta yi wa mai iyali a Kanon yanzu balle ga wankin ciwo ga magani. Maganar ba ma'aikacinmu ba ne kuma gaskiya ba ta da wurin zama. Shekara 4 shi ke kunna muku inji da safe ya kashe da yamma, ku ke ce masa zo ku ke ce masa tashi, in ya makara kai ke masa faɗa, to ma'aikacin waye? Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, da ta zo faɗin waye ma'aikaci ta sa har da na wucin gadi da mai aikin rabin yini da ɗan koyo. Tsarinta shi ne mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar abin da yake biyan ma'aikata duk wata, daga aljihunsa ba a cire a albashinsu ba, in hatsari ya faru ya kai rahoto cikin kwana 7, hukumar ta shigo maganar magani da diyya. Daga bayaninka na fahimci ba ku yi rajista ba, to nauyin kacokan yana wuyanku, kuma in bawan Allahn nan ya samu wanda ya nuna masa hanyar kotun ma'aikata, wadda ke da reshe a nan Kano, abin da za a kashe zai iya ninka 20,000 sau da yawa, ga zubar da girma a kasuwa.

Abin da nake ganin ya dace, a ƙarasa masa magani gaba ɗaya, a lissafa kwanakin da ya yi a kwance a ba shi kuɗinsu ko da ba duka ba bisa abin da kuka yi yarjejeniya, a zauna da shi da wani babba nasa da limami ko wani dattijo na kasuwa a yanke abin da za a ba shi na yatsun, a rubuta kowa ya sa hannu. In kuɗin ba zai fita lokaci ɗaya ba a raba shi wata-wata. Sannan a dawo da shi aiki, mutumin da ya san inji shekara 4 ko da yatsu takwas zai iya tsayawa kan sikeli, ya ƙirga buhuna, ya koya wa yara aiki. Kuma don Allah gobe-goben nan ka kira mai walda ya yi wa bel ɗin nan murfi, abin da ya ci hannu ɗaya zai ci na biyu. Sauran biyun da suka canza maka fuska ba ƙin ka suke ba, kansu suka gani a jikin ɗan uwansu, su ma matan da 'yan dakon duk sun gani, kuma labari a Dawanau ba ya kwana.

Yanzu Kawu. Ina so ka yi masa adalci a zuciyarka kafin ka buɗe baki. Su Kawu sun taso ne a tsarin ubangida da yaronsa, babu takarda babu sa hannu, amma fa akwai riƙo, in matar yaro ta haihu ubangida ne da ragon suna, in ya kwanta ciwo shi ne da magani, in ya daɗe a yi masa jari a yaye shi. Kai kanka a irin wannan riƙon ka girma. Abin da ya faru a wurare da yawa shi ne an riƙe rashin takardar an yar da riƙon, sai ma'aikaci ya tashi ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko, bai samu kariyar zamani ba bai samu ta gargajiya ba. Kuma Kawu ma yana cikin matsi na gaske, ga kuɗin wuta ga man janareto ga farashin da ke hawa da sauka da dala, shi ko mai saye a Japan ko Turkiyya ko Meziko ba ruwansa da halin da ake ciki a nan, kaya masu tsafta yake so a kan lokaci. Mutumin da ke ganin riba na raguwa wurin da ya fi masa sauƙin matsewa shi ne kuɗin lebura, shi ya sa tunaninsa ya tafi can.

Sai dai leburan da Kawu ya sani shekara 20 baya ba shi ne na yau ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Matar da ke tasowa daga Kurna ko Rijiyar Lemo ko Bachirawa ta cire kuɗin adaidaita zuwa da dawowa cikin 2,000 ɗin nan, ta ci ɗan abin da za ta ci da rana, me ya rage ta kai gida? In ƙawarta ta kira ta a waya ta ce sitonmu ana ba da 2,500 a hannu kuma ba a wasa da ranar biya, ai ba gudu ta yi ba lissafi ta yi. Samarin ma haka, wanda da dako kawai ya sani yau yana iya karɓar adaidaita ya yi balas, ko ya zauna wa wani a POS, ko ya bi 'yan uwansa wajen haƙar zinare, ko ya sauka Legas ko Abuja ci-rani. Gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi 70,000 a Yulin 2024, jihar Kano ta sa nata 71,000. Dokar ba ta shafi wuraren da ba su kai mutum 25 ba da masu aikin jinga da na kaka, to amma talaka ya ji lambar a rediyo kuma da ita yake auna kansa, in ka raba 70,000 gida 26 kusan 2,700 kenan a yini. Ka ga inda 2,000 ta tsaya.

Kuskuren da nake gani a wajenku shi ne an zuba mutum kusan 50 a buhu ɗaya an rubuta wucin gadi a jiki, alhali ba iri ɗaya ba ne. Mutum ukun nan na inji ma'aikatan dindindin ne a komai sai a suna. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce kafin ma'aikaci ya wuce wata 3 a ba shi takarda mai ɗauke da irin aikinsa, nawa za a biya shi, yaushe, awa nawa zai yi, da yadda za a rabu in rabuwa ta zo. Ta ba wanda ya shekara yana aiki hutun kwana 6 na aiki da biya, da kwana 12 na rashin lafiya a shekara in likita ya tabbatar. Ko sallamar da Kawu ke magana ba a yin ta da ka, wanda bai wuce wata 3 ba kwana ɗaya ake sanar da shi, daga nan zuwa shekara 2 sati ɗaya, daga shekara 2 zuwa 5 sati biyu, shekara 5 zuwa sama wata guda, kuma daga sati ɗaya abin a rubuce yake. Su ukun nan sati biyu ne nasu. Ni shawarata a mai da su albashin wata su zama na 8 da 9 da 10, in ka tara kuɗin yinin da ake ba su a wata za ka ga tazarar ba wata mai yawa ba ce, abin da za su samu shi ne kwanciyar hankali, ku kuma ku samu mutanen da za su kula da inji kamar nasu.

Na taɓa riƙe rajistar ma'aikata a wata masana'anta a Sharaɗa, inda ake sallamar yara ana saura kwana kaɗan su cika wata 3 a sake ɗaukarsu bayan sati kamar sabbi, don kada su cancanci komai. Ni nake rubuta sunayen, har yau in na tuna fuskokinsu raina na ɓaci. Kuma kamfanin bai tsira da komai ba, yaron da ya san gobe ba nasa ba ne ko ya ji inji na wani irin ƙara ba zai faɗa ba, sai ya tsaya cak an kira injiniya an yi asarar kwana uku.

Matan tsinta kuma aikinsu da gaske na kaka ne, babu laifi ko kaɗan a ɗauki mutum na wata 4 ko 5 a rabu lafiya, laifin shi ne a bar shi cikin duhu. Ko a Suratul Ƙasas da dattijon Madyana zai ɗauki Annabi Musa alaihis salam aiki sai da ya faɗi wa'adi, shekara 8 in ya cika 10 ganin damarsa ne, ya ƙara da cewa ba ya nufin ya tsananta masa. Malamanmu ma a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki a biya shi, abin da suke nanatawa kenan, a san aikin, a san ladan, a san wa'adin. To ka rubuta shafi ɗaya da Hausa, daga wata kaza zuwa wata kaza, yini nawa ne ko buhu nawa ne, ƙarfe nawa ake tashi, ranar biya Alhamis ce ko Asabar, ka tara su ka karanta da ƙarfi kowa ta ji, wadda ba ta rubutu ta dangwala. Ranar biyan nan ka riƙe ta kamar sallah, ko Kawu na gari ko ba ya nan, don mace za ta iya haƙuri da kuɗi kaɗan da ta san ranar zuwansa ta shirya adashinta a kai, abin da ba za ta iya ba shi ne a dawo gobe, a dawo jibi. In da hali ka yi jinga da mai mota ɗaya ya riƙa kwaso su daga Kurna da safe, ya fi arha a kan kowacce ta biya nata kuma za su iso lokaci ɗaya. A saya musu takunkumi saboda ƙurar riɗi, a sa ruwan sha, a ware inda mai goyo za ta shayar, yara ƙanana kuma kada a bari su shiga wajen inji. Sannan ka sa musu wani ɗan ihsani a ƙarshen kaka, duk wadda ta kai ƙarshe tana da kuɗin kwana kaza a sama, ka faɗa tun ranar farko. Ka buɗe littafi da sunayensu da lambar waya, kafin riɗi ya fara shigowa baɗi ka kira su da kanka ka ce Hajiya wurinki na nan. 'Yan dako nasu mai sauƙi ne, jinga ce buhu kaza naira kaza, a yanke farashi da shugabansu gaban kowa a biya kafin su bar ƙofa.

Shi kuma mai kawo ma'aikatan kada ka tozarta shi a bainar jama'a, har yanzu kana buƙatarsa kuma matan nan da yawa 'yan unguwarsu ne. Wataƙila ma a ganinsa 500 ɗin la'adarsa ce tunda ba ku taɓa yanka masa komai ba. Amma ka duba lissafin, mata 30 sau 500 sau kwana 6, 90,000 kenan duk sati tana fita da sunan mata ba ta isa gare su, ku kuna ganin kun biya su kuna zargin su da rashin godiya, su suna ganin kun matse su. Ka kira shi gefe ka ce daga yanzu ga la'adarka daban kan kowace mace da ka kawo ta kuma zauna, kuɗin aiki kuwa hannu da hannu za mu ba su ko ta tiransifa, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mata da yawa sun buɗe akawun a waya. In ya yarda shi kenan, in ya ƙi ka riga ka mallaki littafin sunaye, a cikin matan ma za ka samu wata mai kamala da za ta zama shugabarsu.

Maganar ɗebo sabbi daga ƙauye, a nan ne za ka shawo kan Kawu, amma da biro da takarda ba da wa'azi ba. Ka zauna ka fitar da abin da makarar bana ta ci, kwanakin da tirela ta yi tana jira, abin da mai saye ya zaftare ko cinikin da ya wuce ku. Ka auna buhu nawa tsohuwar hannu ke gyarawa a yini, nawa sabuwa ke yi a satinta na farko, da yawan tsakuwa da ƙaiƙayin da ke wuce ta. Sabbin ga wurin kwana ga abinci, ana yin ruwan farko kuma rabinsu sun koma gona, waɗanda suka rage cikin sati biyu za su ji abin da maƙwabta ke biya su ma su bi. Inji kuwa in aka damƙa shi ga wanda bai san shi ba hannu na gaba ake jira. Ka zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, a gida ba a sito ba, ba gaban yara ba, ka ce Kawu na yi wani lissafi ne ina so ka duba min ko na yi kuskure. Ka bar masa ƙofar da gyaran zai fito daga bakinsa, ko da a ce ra'ayinsa ne ba naka ba, kai dai a yi. In lissafi ya shiga sai ka kawo na hakki a hankali, shi ma ya san hadisin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, tuni kawai yake buƙata. Kada ka fara masa da kotu da hukuma, zai ji kamar ɗan da ya raina ne ke masa barazana, wannan ka ajiye shi a matsayin abin da kake jiye masa.

In ya ƙi gaba ɗaya, kar ka ɗaga murya kar ka yi zuciya ka ajiye makulli. Ka roƙi gwaji na kaka ɗaya, ko ma rabin matan kawai a bi da su sabon tsari a kwatanta. In nan ma bai yarda ba ka nemi wanda yake jin nauyi, mahaifiyarka in tana raye tunda 'yar uwarsa ce, ko amininsa a kasuwa, ko malaminsa. Akwai kuma abubuwan da ke hannunka ba sai ka tambayi kowa ba, littafin sunaye, biya a kan lokaci, murfin bel, kyakkyawar magana. In har ya dage sai an sallami masu injin, to ka tsaya a ba su sanarwarsu ta sati biyu da kuɗin sallama, ka ba su takardar shaida ka kuma taya su neman wani wurin. Abu ɗaya ne zan ce kada ka sa hannunka a ciki ko da Kawu ne ya ce, cin kuɗin aikin da mutum ya riga ya yi, ko barin mai rauni ba magani. Wannan ka faɗa masa da ladabi cewa ba za ka iya ba. Rajistar NSITF da tsara takardun kuma ka leƙa ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a nan Kano ko ka samu lauya ya duba maka, zama ɗaya ya isa.

Kafin duk wannan, cikin satin nan ka sayi ɗan abin da ya sawwaƙa ka je gidan mai hannun ka duba shi, ka zauna ka ji halin da yake ciki da abin da ya kashe zuwa yanzu, ka rubuta. Kada ka yi masa alƙawarin abin da ba a hannunka yake ba, ka ce masa dai maganarsa na gabanka kuma za ka kai ta. In ka zauna da Kawu ka sake rubuto min yadda kuka yi. Allah ya ba shi lafiya, ya daidaita tsakaninka da Kawu.